Kada Ka Sauya wa Mai Tari Salansa

Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗana Yahaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko da yake daga ɗakina zuwa naka ba wata tafiya za ta yi ba. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda aka tura ka, amin.

Na san za ka yi mamaki, muna gida ɗaya ina rubuta maka wasiƙa. Ka san halina. Duk ranar da na zaunar da kai don mu yi magana mai nauyi, kafin a jima ta koma faɗa kan fulogi da baƙin mai, ka tashi kana sunkuyar da kai, ni kuma ban faɗi abin da na yi niyya ba. Shi ya sa na zauna ƙofar zaure inda haske ya fi, na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, idanun ne suka ce haka. Innarka za ta miƙa maka bayan la'asar.

Da farko ka sani ina alfahari da kai. Ranar da takardarka ta zo daga ma'aikatar ilimi cewa an ba ka aikin koyarwa a wajen Augie, na fita majalisa na faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Har mai shayi sai da ya ce, "Malam Abdu, ai ka hwaɗa muna ɗazu." Na ce to ga shi na ƙara. Kuma da na miƙa maka makullin baburina, ban miƙa da ciwon rai ba. Tun da likita ya ce in bar hawa saboda yanar ido, nake kallon sa a zaure kamar dokin da aka ɗaure ba laifin komai. Gara ya koma hanya, kuma ba hannun da na fi so ya riƙe shi sai naka.

To amma jiya na je garejin Mamman bakanike, abokina tun ƙuruciya. Ban ko zauna ba ya ce, "Yaronka ya zo nan. Sabuwar salansa shika son in sa ma Mai Tari. Wai kunya shika ji, malamin makaranta guda ya shiga gari da wagga ƙara. Ni ko nic ce ban taɓa ta sai na ji daga bakinka."

Ban ji haushi ba, Yahaya. Dariya ma na yi, don ni ma na taɓa yin wannan tunani, kuma na aikata. Zan ba ka labarin, amma bari in faro daga baya, don ka san abin da ka gada.

Na sayi babur ɗin nan ina sabon malamin gona, kai ko tafiya ba ka fara ba. Aikina shi ne zagaya manoman shinkafa daga nan zuwa Ambursa har Argungu, kusan kowane mako. A lokacin tankinsa baƙi ne wuluk, mutum na ganin fuskarsa a jiki, ba kamar yanzu da ya koma launin bayan tukunya ba. Wata damina na zame a fadamar Ambursa, dutse ya huda salansa. Mamman ya yanko gwangwanin madara ya toshe, ya bi da walda. Tun daga ranar, in ka buga kik sai ya yi tari, ya ƙara tari, sannan ya saki wata irin ƙara mai karkarwa da babu babur mai irinta a ƙasar nan. Mutanen hanya suka sa masa suna Mai Tari, har sunan ya fi nawa tashe.

Kuskurena na fari girman kai ne. Sabon babur, sabon albashi, farar riga. Na shigo Ambursa da gudu wata rana, matan gari sun shanya shinkafar da suka turara a bakin hanya, na bi ta gefe na watsa mata rairayi ban ko waiwaya ba. Da na dawo da yamma sai na tarar da wata tsohuwa, Gwaggo Kulu, ta tsaya tsakiyar hanya da faifai a hannu. Na taka birki. Ta miƙo mini faifan ta ce, "Malamin gona, tunda kai kaz zuba, kai ka tsince ta." Na zauna kan tabarma da farar rigata ina tsintar tsakuwa, mata na leƙe ta katanga suna dariya. Da na gama ta ba ni fura a ludayi, ta ce in na je birni in sayo mata man zafi. Saƙo na fari ke nan da aka taɓa ɗora wa Mai Tari.

Don haka in ka zo shiga gari ka rage wuta. In ka iske majalisar dattawa, ko ana salla, ko gidan makoki, ka kashe shi ka sauka ka tura, ka yi gaisuwa da ƙafarka a ƙasa. Mutanen ƙauye suna yafe talauci, suna yafe mantuwa, amma ba su mance wanda ya baɗe su da ƙasa ya wuce.

Daga man zafin Gwaggo Kulu abin ya yi ta yaɗuwa. Ka san tungayen hanyar nan ba a bakin titi suke ba, sun ɗan shiga ciki, in gero ya tashi ko rufin ɗaki ba ka hange. Ba sa ganina, sai dai su ji ni. Da an ji tarin nan daga nesa, mai saƙo ya ajiye fartanya ya fito bakin hanya. Wannan wasiƙa zuwa ga ɗansa a barikin soja, waccan zaren saƙa, wancan maganin ciwon ido, wani kuwa cewa kawai zai yi in na isa Argungu in gaya wa ƙanensa an haihu, namiji. Na ɗauki iri, na ɗauki kaji, na ɗauki maras lafiya an ɗaure mu da zane don kada ya faɗi. Ba wanda ya naɗa ni wannan aiki, kuma ba a taɓa ba ni ko sisi a kansa ba. Amma a tsawon shekarun nan ban taɓa cin abincin saye tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ba.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda har yau innarka ke yi mini tsiya da shi. Wani tela a Argungu ya ba ni ɗinkin wata amarya in kai Ambursa, wani masunci kuma ya ba ni ɗanyen kifi in kai wa surukinsa. Na haɗa su buhu ɗaya na ɗaure a kariyar bayan babur, rana na dukan su. Ka ƙiyasta sauran. An wanke zanen nan, an turara shi, an sake wankewa, amma ranar buki kuliyoyin unguwa duk suna bayan amarya. Uwarta ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Shi ya sa ka ga buhu biyu a kariya, ɗaya na abin ci ɗaya na abin sawa, kada ka haɗa su. Kuma saƙo, in ba za ka iya ba, ka faɗa tun a wurin, babu laifi. In ka karɓa kuwa, ka sa shi a hannun mai shi, ba hannun maƙwabcinsa ba.

Ka san mutanenmu na ƙarƙashin ɗurumin garejin Mamman, masu tsofaffin babura irin nawa: mai awo, da tela, da malamin asibiti, da sauransu. Kana ganin su yanzu gemu ya yi fari, suna gardama kan kafireta kamar a kanta za a yi hisabi. A zamaninmu in ɗayanmu na da buki ko suna ko rasuwa, ko a ina ne, tare muke tafiya a jere. Dokarmu ita ce mai raunin babur shi ke gaba, mai jakar sifana da famfo da kayan faci shi ke baya. Ni kuwa a lokacin jinina na tafasa, ban ga dalilin bin bayan kowa ba. Wata tafiya ɗaurin aure Argungu na murɗa wuta na wuce su duka. Na isa ni kaɗai, gidan buki ba wanda ya san ni, wanda ya gayyace mu kuwa yana can baya tayarsa ta yi faci. Na zauna gindin bango ina jin ƙamshin miya, ana wucewa da akussa ta gabana. Da suka iso an ɗaura aure an watse.

Nan take Mamman ya yanke hukunci. Ya ce, "Daga yau kai ka tsayawa baya. In muna jin tarinka, mun san kowa na nan. In munka bar jin shi, sai mu tsaya." Haka aka yi har na ajiye hawa. Na yi shekaru ina shan ƙurar abokaina, kuma wallahi babu matsayin da aka taɓa ba ni a wurin aiki da na ji daɗinsa kamar wannan. Ba mu taɓa barin mutum a daji ba. Kai ma in ka ga mai babur tsaye a gefen hanya, ko ba ka san shi ba, ko kana sauri, ka tsaya ka tambaye shi. Jakar sifanar tana nan ƙarƙashin sirdi, ban cire komai ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Wata shekara aka yi mini ƙarin girma. Aka fara kira na taro a ofis, in na iso da Mai Tari sai manya su daina magana har sai na kashe shi. Wani ma ya taɓa tambaya ta taga ko injin niƙa aka kawo. Abin ya tsaya mini a rai. Na sa aka kawo mini sabuwar salansa daga Sakkwato, mai ƙyalli. Mamman ya juya ta a hannu, ya ce, "Kai dai ka sani," ya ɗaura. Da na buga kik sai na ji shi yana numfashi a hankali kamar jariri na barci. Na ji na zama babban mutum.

Damina ce, gero ya rufe ko'ina. Na bi hanya, ba wanda ya fito. Na dawo, ba wanda ya fito. Mako ya zagayo, haka. Ina isa Argungu da wuri, ina dawowa da wuri, kariya babu komai. Har na ce wa innarka da alama mutane sun samu hanyar aikensu, na huta. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ba su san ina wucewa ba. Ni ina jin kaina a kan babur, sai na ɗauka kowa ma yana ji na.

Wata safiyar Juma'a ina ƙofar gida ina wanke shi, sai ga wasu mutane sun shigo unguwa a jere, da manyan riguna, fuska a ɗaure. Na gane su, mutanen wata tunga ce ta masunta gab da Argungu. A gabansu akwai Bawa, masuncin da ya ba ni kifin nan da ya ɓata zanen amarya, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Da suka gan ni suka tsaya cak. Ɗaya ya ja da baya yana salati.

Bawa ya ce, "Malam Abdu? Kai na?"

Na ce, "Ni ne mana. Lafiya?"

Ya ce, "Gaisuwa munka zo yi ma iyalinka. Tun da gero yai bununi ba mu jiya ka ba. Munka ce mutumen ga ba shi yada mu shina da rai. Sai munka aza ka riga mu."

Ta'aziyyata suka zo yi, Yahaya, har da ƙwaryar gero ta sadaka. Innarka ta leƙo ta ji, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, ta haɗa duka biyun. Ni ma na yi dariya har na zauna ƙasa. Sai idona ya koma kan hannun Bawa, na ce me ya same shi.

Ƙayar kifi ce ta soke shi a babban yatsa. Ya kumbura, suka sa magani na gida, suka ce Mai Tari na nan tafe, ya kai shi asibiti Argungu. Matarsa ta riƙa zama bayan ɗaki tana kasa kunne. Ni kuwa na wuce ta bakin gonarsu, na dawo ta bakin gonarsu, shiru kamar ɓarawo. Da suka gaji da jira suka ɗora shi kan jaki, amma hannu ya riga ya ɓaci, sai da aka yanke yatsan. Masunci ne mai jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, kuma ka san ba a riƙe birgi yadda ya kamata babu babban yatsa.

Na daina dariya. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannun mai lafiya ya ce, "Bari, Malam. Abin da Allah Yar rubuta ba ka goge shi. Ni dai ina murna da nig gane ka tsaye. Amma wagga abu mai walƙiya, hidda ta. Maido muna tarinmu."

Na ce to. Sai kuma aka shiga neman tsohuwar salansa. Mamman ya ce ya ba ni ita na kawo gida, ni kuwa na tuna na jefar da ita bayan ɗakin girki. Muka duba, babu. Can sai innarka ta nuna sama. Ashe indararon ɗakin ya karye, ta sa an soka salansar a madadinsa, duk daminar nan ita ke zubar mana da ruwan rufi. Baƙin da suka zo ta'aziyya su suka riƙe mini tsani na hau na ciro ta. Bayan an sauko Juma'a Mamman ya mayar da ita. Da na buga kik ya yi tarin nan nasa, Bawa ya ce, "Awo! Yanzu kad dawo."

Na goya shi har tungarsu a ranar. Tun kafin mu kai Ambursa mutane ke fitowa daga cikin gero. Gwaggo Kulu, da tsufa ya zaunar da ita a ɗaka, ta fito da sandarta, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ai ta riga ta yi mini addu'a, ba ta maido ta, sai in riƙe ta zuwa gaba. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin kunya irinta ba. Bawa ya koma saƙar koma da gyaran jirgi, ya rayu da rufin asirinsa, muna zumunci har Allah Ya karɓi abinsa. 'Ya'yansa na nan, za su fito maka.

To ka ji. Ƙarar da kake jin kunyarta, ita ce sallamata a hanyar nan. Gobe in ka bi da ita, mutane za su ajiye aiki su fito suna zaton ni ne. Za su ga saurayi, su tambaya, ka ce kai ɗan Malam Abdu ne. Daga nan ba ka da yunwa, ba ka da ƙishirwa, in tayarka ta fashe akwai mai tura maka, in ruwa ya tare ka akwai ɗakin kwana. Amma za su ɗora maka saƙo, za su ɓata maka lokaci, wata rana za ka isa makaranta da warin daddawa a riga. Ba zan ɓoye maka ba, nauyi ne. Ban tara maka gona mai yawa ba, ban gina maka gidan siminti ba. Abin da na tara ke nan, kuma ban san wani malamin gona da ya tara irinsa ba.

Babur naka ne yanzu, ban ba ka da sharaɗi ba. Na gaya wa Mamman in ka karanta wannan ka koma ka ce a sauya, ya sauya, kada ya yi maka gardama. Su ma 'yan makarantarka za su yi dariya kwana kaɗan, daga baya su riƙa gane isowar malaminsu tun daga nesa su shige aji.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ba zan iya faɗa maka baki da baki ba. Idanun nan sun fi yadda nake nuna muku lalacewa. Daga ƙofar zaure zuwa bakin titi ba na gane fuska, sai dai in ga inuwa na tahowa. Kwanan baya na gaishe da ƙanen innarka gaisuwar baƙo, na wayance da cewa wasa nake. Amma kunnena garau yake. Mai Tari ina jin sa tun daga Gwadangaji, ko da yake innarka ta ce ƙari nake yi. Duk ranar da ka taho hutu da shi, ina da lokacin da zan ce a ɗora ruwa, in gyara hula, in miƙe in tsaya bakin ƙofa, in kira sunanka tun kafin ka sauka, kamar kowane uba da ya hango ɗansa. In ka zo da mai shirun nan kuwa, sai dai in ga inuwa ta tsaya a gabana, in ce wane ne, a gaban mutane. Ba na son ranar da zan tambayi ɗana ko shi wane ne.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka duba baƙin mai kafin ka tashi, kada ka yi tafiya bayan magariba, in za ka sa shi a jirgin fito ka rufe makunnin mai. Ka ji tausayin 'ya'yan mutane da aka ba ka amana. Innarka ta sa maka yaji da ƙuli a buhun abin ci, ta ce kada ka raba duka a hanya.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum, Ya sa albarka a aikinka, Ya sa mutanen da za ka zauna da su su yi murna da zuwanka. Na yafe maka duniya da lahira.

Gobe da safe zan kasance a ƙofar zaure. Ba sai ka gaya mini abin da ka yanke ba. In ka buga kik, zan ji.

Wassalam.

Mahaifinka,
Abdu Malamin Gona.